Daga Hannun Wa Ka Saro?

Lokacin da nake yaron kanti a kemis ɗin kawuna, wajen ƙarshen shekarun 1980, akwai wata tambaya da ba a wuni ba a yi mini ita ba. Mace za ta shigo da goyo, jikin yaro rau da zazzaɓi, in miƙa mata kwalbar maganin ruwa, ta jujjuya ta a hannu, sannan ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, mai kyau ne dai ko?" Ni kuwa ba ko ɗar sai in ce, "Haba Inna, ai mu ba ma ajiye jabu. Daga hannun Alhaji muka saro." Shi ke nan magana ta ƙare, ta kunce bakin zane ta biya, ta tafi hankali kwance.

Alhajin nan da nake jingina da sunansa mutumin kirki ne, ban taɓa jin an kama shi da ha'inci ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Sai dai abin da ban taɓa tambayar kaina ba a wancan zamani shi ne, shi Alhajin daga hannun wa ya saro? Wanda ya sayar masa kuma fa? Su kuma masu haɗa maganin, ruwan da suka dama shi da shi, wa ya kawo musu? Ni dai hannu ɗaya tak na sani, amma da wannan hannu ɗayan nake yi wa uwa rantsuwa a kan ran ɗanta.

Abin da ya fara girgiza ni ya faru ne a 1990. Tsakanin watan Yuni da Satumba na wannan shekara aka riƙa kawo yara asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da wani irin ciwo mai ɗaure kai. Yaro zai fara da amai da gudawa, sai fitsari ya ɗauke masa ɗif, jiki ya kumbura, numfashi ya rikice, daga nan sai rai ya yi halinsa. Yara 47 aka lissafa a wannan asibitin kaɗai, a duk faɗin ƙasar kuwa an yi maganar sama da 100. Da aka bi diddigi sai aka tarar maganin zazzaɓi ne na ruwa, farasitamol, wanda iyaye suka ba su da hannunsu don su sami sauƙi. Ba ƙwayar maganin ce ta kashe su ba, ruwan da aka narkar da ita a ciki ne. Na tuna kawuna ya sa muka kwashe duk kwalaben maganin ruwa daga kan kanta muka zuba a kwali, muka yi kwana da kwanaki ba mu sayar da ko ɗaya ba, alhali mu kanmu ba mu san ko namu yana ciki ko ba ya ciki ba.

To bari in ɗan tsaya in yi wa mai karatu bayanin wannan ruwan, domin duk labarin a kansa yake juyawa. Farasitamol da ire-irensa ba sa narkewa sosai a ruwan sha, saboda haka masu haɗa magani sukan yi amfani da wani ruwa mai kauri da ɗan zaƙi, ko dai gilisarin ko furofilin gilaikol. Waɗannan biyun ba su da illa in tsarkakakku ne. Amma suna da wani ɗan kama, sunansa dayatilin gilaikol, wanda masana'antu ke amfani da shi wajen haɗa irin su man birkin mota. Shi ma ba shi da launi, shi ma yana da kauri, shi ma yana da zaƙi a baki, kuma ya fi su araha. In ya shiga ciki, hanta ce take juya shi ya zama guba, gubar ta sauka a ƙoda ta kashe ta, daga baya ta bi jijiyoyi. Ido ba ya rarrabe su, harshe ma ba ya rarrabewa. Sai fa in an kai ɗakin gwaje-gwaje.

Ba a Jos aka fara sanin sharrinsa ba. Tun a 1937 wani kamfanin magani a jihar Tennessee ta Amurka, mai suna S. E. Massengill, ya narkar da wani sabon maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin wannan ruwan, ya ƙara masa ɗanɗanon kayan marmari, ya aika kasuwa ba tare da an gwada shi a kan ko ɓera ba. Mutane sama da 100 suka mutu, da yawansu yara, abin da ya sa aka yi wa Amurka sabuwar dokar abinci da magunguna a 1938. Abin lura a nan shi ne, wancan karon ba a sha wahalar gano tushen abin ba. Kamfani ɗaya ne, ya san abin da ya zuba, jahilcin illarsa ne kawai ya yi masa yawa. Ma'aikatan gwamnati suka bazu gari-gari suna bin takardun ciniki, daga cikin galan 240 da aka haɗa suka ƙwato kusan 234. Igiyar gajera ce, in ka ja wannan bakin sai wancan ya motsa.

Da kasuwar duniya ta buɗe, igiyar ta yi tsawo, sai abin ya canza kama. A 1995 zuwa 1996 yara fiye da 80 suka mutu a ƙasar Haiti, nan ma maganin zazzaɓi ne na ruwa. Kamfanin da ya haɗa shi na gida ne, amma gilisarin ɗin daga ƙasar Sin ya taso, ya bi ta hannun 'yan kasuwar Turai, har da wani kamfani a Holan, kafin ya sauka Haiti. Masu bincike daga Amurka suka bi sawu har ƙasar Sin, aka yi ta yi musu hanya-hanya, wannan ya ce wancan ne, wancan ya ce ba shi ba ne, har sawun ya ɓace.

Labarin da na fi so mai karatu ya natsu ya ji shi ne na ƙasar Fanama, domin shi ne aka warware tiryan-tiryan, hannu bayan hannu, musamman a binciken da jaridar New York Times ta buga a watan Mayun 2007.

A lardin Jiyangsu na ƙasar Sin, kusa da bakin kogin Yanze, akwai wata masana'antar sinadarai a yankin Taixing wadda take kiran kanta masana'antar gilisarin. Ba ta da lasin ɗin haɗa abin da za a sa a magani. A 2003 ta cika ganga 46 da wani ruwa mai kauri, aka haɗa da takardar shaida mai cewa gilisarin ne tsantsa, kashi 99.5 cikin 100. Wani kamfanin dillanci a Bejin mai suna CNSC Fortune Way ya karɓi kayan. Bai gwada ba. Abin da ya yi shi ne ya kwafe alƙaluman takardar a kan tasa takardar mai ɗauke da sunansa, ya cire sunan masana'antar, ya loda gangunan a jirgin ruwa sai Basalona ta ƙasar Sifen. A can wani kamfanin, Rasfer International, ya karɓa. Shi ma bai gwada ba, shi ma ya kwafe alƙaluman a kan tasa takardar, ya cire sunan na Bejin, ya tura kayan Fanama. A Fanama wani ɗan kwangila mai suna Medicom ya karɓa, ya miƙa wa hukumar inshorar lafiya ta gwamnati, wadda take da nata wurin haɗa magunguna don asibitocinta. Gangunan suka yi shekara biyu da wani abu a ajiye, aka kuma sami wanda ya gyara ranar da aka rubuta kayan za su daina aiki. Daga ƙarshe aka fasa su aka haɗa maganin tari da na mura kwalba 260,000, aka raba wa talakawa.

Ka ji fa. Ƙasa uku, kamfanin dillanci uku, tekuna a tsakani, takarda tana ta sauya riga, amma ba a sami mutum ɗaya da ya ɗebi cokali guda ya kai gwajin da zai nuna mene ne a ciki ba. Kowa ya dogara da takardar wanda ya miƙo masa. Ita kuwa takardar, duk inda ta je alƙalumanta ba sa canzawa, sunan mai ita ne kawai yake canzawa. Wanda ya karɓa a Fanama in ya duba zai ga kamar kayan Turai ne.

Wani abin takaici kuma, a jikin sunan kayan akwai haruffa biyu, TD. Babu wanda ya tsaya ya tambayi ma'anarsu a duk tsawon tafiyar. Sai bayan an yi ta'asa aka gano taƙaitawa ce ta wata kalmar Sinanci mai nufin "madadi", wato abin da ake sawa a maimakon na ainihi. Ashe kayan da kansu suna ta faɗin gaskiya, ba a dai sami mai jin yaren ba. Da aka auna abin da ya rage a gangunan, sama da kashi 20 cikin 100 dayatilin gilaikol ne.

A watan Satumban 2006 likitoci a babban asibitin hukumar da ke birnin Fanama suka lura marasa lafiya suna zuwa da mutuwar ƙoda haɗe da shanyewar jiki, wasu har fuska ba ta motsi. Da farko an zaci annoba ce. Daga baya aka lura da yawansu suna shan wani maganin hawan jini mai suna lisinofiril, sai gwamnati ta janye shi daga kasuwa. Ashe shi ba ruwansa, laifinsa ɗaya ne: yakan sa wasu mutane tari, in sun yi tari kuma sai likita ya rubuta musu maganin tarin nan na gwamnati marar sukari, wanda aka yi shi musamman don masu ciwon suga. Sai a watan Oktoba, da aka aika samfuri Amurka, aka gano gubar. Zuwa lokacin da jaridar nan ta buga bincikenta, an tabbatar da mutuwar mutum 100, iyalai kuwa sun kai ƙarar mutuwar 365, kuma lissafin bai tsaya nan ba a shekarun da suka biyo.

Da aka zo neman mai laifi sai kowa ya ɗaga hannu. Na Sifen suka ce su dillalai ne kawai, ba aikinsu ba ne buɗe ganga. Hukumar magunguna ta ƙasar Sin ta ce masana'antar ai ta sinadarai ce, ba ta magani ba, don haka ba ta ƙarƙashinta. Hukumomin Sin suka ce 'yan kasuwar Fanama ne suka sauya bayanin kayan da ranar ƙarewarsu, ko da yake a 2007 sun soke lasin ɗin masana'antar. Hausawa suna cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A wannan ciniki kuwa wani ne ya ɗebo a Jiyangsu, aka zuba a bakin wata tsohuwa a Fanama.

Ranar da na fara karanta yadda aka riƙa cire suna daga takardar nan, wallahi sai da jikina ya yi sanyi, domin na san aikin, na yi shi da hannuna. In 'yan ƙauye masu ƙananan kantuna suka zo sari wurinmu, kafin a ɗaure musu kaya kawuna yakan ce, "Kai, ɗauko reza ka kankare sunan Alhaji daga jikin kwalin nan." Wata rana na ce, "Kawu, me ya sa?" Ya ce, "In suka san inda muke sarowa, gobe za ka ƙara ganinsu a nan?" Ba mugunta ba ce, kuma ba wani sabon abu ba ne. Duk wanda ya taɓa shiga kara ko Kantin Kwari ya san dillali ba ya haɗa mai kaya da mai saye ido da ido tun ba a gama ciniki ba, don kada a zagaye shi la'adarsa ta bi ruwa. Jarinsa ke nan, ya san wanda kai ba ka sani ba. Na Bejin da na Basalona ba abin da suka yi da ya wuce abin da na yi da reza.

Bambancin yana ga irin hajar. In sa ne, mai saye zai zagaya shi, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. In shadda ce zai murza ta a hannu, ya ɗaga ta a rana. Ko dillali ya ɓoye mai kaya, kayan ba su ɓuya ba. Amma ruwa fari mai zaƙi a cikin ganga rufaffiya, babu abin da zai gaya maka gaskiyarsa sai abu biyu: ko ka san wanda ya yi shi ka je ka ga wurinsa, ko ka gwada. Dillalai sun toshe ta farko, masu haɗa maganin kuma suka yi ganin ƙyashin kuɗin ta biyu. Abin da ya rage cinikin biri a sama ne. Ni a ganina, duk da haushin dillalan da nake ji, nauyi ya fi yawa a kan hannun ƙarshe, wanda ya fasa gangar ya dama magani ya manna sunansa a kwalba, domin shi kaɗai ne yake da ɗakin gwaji a gefensa, kuma sunansa uwa take karantawa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma abin da ta ce ke nan a 2007: duk mai haɗa magani ya ɗebi samfuri daga kowace ganga ta gilisarin ya gwada, kada ya tsaya ga takardar wanda ya kawo.

Mutum zai zaci bayan Jos mun warke. An kafa hukumar NAFDAC a 1993, aka shiga manna lamba a jikin magunguna, mu masu kanti muka sami sabuwar amsa, "Ga lamba nan, Hajiya, duba ki gani." Sai ga 2008. A watan Nuwamba asibitoci a Legas da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka fara ganin jarirai da ƙananan yara fitsari ya ɗauke musu. Wannan karon maganin fitar haƙori ne mai suna My Pikin, na kamfanin Barewa Pharmaceuticals da ke Legas. Ma'aikatar lafiya ta ce yara 84 suka rasu. Kwalaben da aka gwada an sami gubar kashi 17 zuwa 21 cikin 100. Magani ne mai rajista, kamfani ne sananne mai adireshi. Ta ina ɓarakar ta shigo? Ta wajen wani mai sayar da sinadarai a Legas marar rajista, wanda aka sayi ruwan a hannunsa da sunan furofilin gilaikol. Lambar da ke jikin kwalba shaida ce a kan kamfanin da samfurin da ya kai aka duba tun farko, ba ta san gangar da aka shigo da ita ta ƙofar baya a wata ranar Talata ba. A 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai.

Daga nan sai abin ya zama kamar ana juya faifai. A 2022 yara kusan 70 a Gambiya, bayan shan magungunan tari na wani kamfanin Indiya mai suna Maiden Pharmaceuticals, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi ranar 5 ga Oktoba, ko da yake gwamnatin Indiya ta ce gwajinta bai nuna guba ba. A wannan shekarar dai yara sama da 200 a Indunusiya, inda 'yan sanda suka gano wani ƙaramin mai sayar da sinadarai yana ɗura ruwan masana'anta a ganguna yana manna musu tambarin wani babban kamfani, ya sayar wa mai rarrabawa, shi kuma ya sayar wa masu haɗa magani. Sai Uzbekistan a ƙarshen shekarar. A 2023 kuma maƙwabtanmu Kamaru, da wani maganin tari mai suna Naturcold. Shi wannan ma abin ya wuce cire suna: a jikin kwalin an rubuta wani kamfani ne a Ingila ya yi shi, da aka tambayi hukumar magunguna ta can ta ce ba ta san da wani kamfani mai wannan suna ba.

Na bar sana'ar kemis da daɗewa, kantin kawuna ma yanzu shagon gyaran waya ne. Kwanan baya jikata ta kwana da zazzaɓi, uwarta ta ce, "Baba, in za ka dawo daga masallaci ka biya ka sayo mata na ruwa." Na shiga wani kemis a bakin titi, wani yaro da bai fi shekarata ta wancan lokacin ba ya miƙo mini kwalba. Na duba lamba, na duba ranar ƙarewa, na karanta sunan kamfani da garin da yake, duk suna nan daidai. Sai na ji bakina ya ce, "Samari, mai kyau ne dai ko?" Ya ce, "Haba Baba, ai mu daga kamfani kai tsaye ake kawo mana." Na ce, "To su kamfanin, ruwan da suke damawa da shi fa, daga hannun wa suke saye?" Ya dube ni kamar na yi masa wani yare, ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan kuma ai sai su." Na tsaya riƙe da kwalbar jim kaɗan, sannan na biya shi na sa ta a aljihu, domin yarinya tana gida jikinta zafi.